Hannayen da Ke Cikin Kwamfutar Kawu

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba aka mayar da Kawu, ƙanen mahaifiyata. Ya zauna yin alwalar azahar a ƙofar shagonsa da ke Ƙaura, ya wanke hannu da fuska, bai kai ga ƙafa ba. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa.

Masu gaisuwa iri biyu suka cika tabarmi. Akwai malamai da ma'aikata, waɗanda ya buga wa takardun kammala karatu tun suna ɗalibai. Akwai kuma mu, mutanen kara, dillalan shanu da direbobi da makiyaya. Na farkon suna ta ba da labarin yadda yake gyara musu Turanci ba tare da sun roƙe shi ba. Mu ba mu da abin faɗa sosai. Wani tsohon dillali mai ido ɗaya, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka kashe ɗansa, ya zaro wayarsa ya daɗe yana kallon ta, sannan ya tambayi na kusa da shi wa za a riƙa kira yanzu. Wani Arɗo ya biyo hanyar daji a kan babur daga gefen Zurmi. Ya yi addu'a, ya zauna, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan gwiwa yana dubawa. 'Yan boko ba su gane ba. Mu mun gane.

A cikin gida mahaifiyata cewa take ita ce babba, ita ya kamata a fara ɗauka. Matarsa ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai ce in ɗauke tabaraunsa daga kan taga, don duk shigowar da za ta yi sai ta ga kamar ya zaga bayan gida ne.

Washegari Alhamis da hantsi aka ce mahaifiyata na kirana a soro. Na same ta tsaye da wata Bafulatana da na sani. Mijinta abokin cinikina ne na shekaru, a wata ruga ta ƙasar Zurmi. A daminar bara mutanen daji suka kashe shi, suka kora garken. Ta dawo Ƙaura da 'ya'yanta, tana dama madarar gari ta bar ta ta yi tsami ta kai talla, ita da ta tashi cikin tatsa. Sai da ta gama yi mini ta'aziyya tsaf, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ƙanen mijinta ya bugo waya daga karar Shinkafi, don ranar ce kasuwarsu. Ya ga shanunsu uku, an sake musu yankan kunne. Sarkin kara ya yarda ya tsare su zuwa la'asar in za a turo hoto daga kwamfutar Kawu. In ba a turo ba, ba shi da hujjar hana mai kaya lodi, kuma babu direban da zai yarda yamma ta same shi a wannan hanya.

"Na san gidan makoki na, Alhaji," ta ce. "Amma su ukun nan kaɗai sunka rage."

Na ce ta koma ciki ta zauna, aikin minti goma ne. Da irin muryar da nake sallama ciniki na faɗa. Na karɓi makullin shago wurin matar Kawu na fita.

Kafin in faɗi yadda wunin nan ya ƙare, sai na faɗi ko wane ne mutumin, da yadda shanun mutane suka shiga kwamfutarsa.

Ni dillali ne. Da awaki biyu na fara, karatuna bai wuce firamare ba, kuma yau ni ne mataimakin shugaba a ƙungiyarmu ta dillalan da ke cin kasuwannin Ƙaura da Shinkafi da Moriki. Kawu bai taɓa sayar da ko kaza ba. Yana saurayi ya kama aiki a tashar jirgin ƙasa, a ɗakin waya, yana karɓar saƙo yana turawa. Da jirgi ya yi wuyar gani ya koma gyaran tafireta. Da tafireta ta mutu ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya koya wa kansa daga littafi, ya buɗe shagon buga takardu. Yakan ce sana'a biyu sun mutu a hannunsa, shi ya sa duk abin da aka kawo masa, tambayarsa ta farko ita ce ta ina zai fita ranar da abin ya mutu.

Ba ya yarda da abin da bai ga cikinsa ba. Na taɓa kawo masa agogo tsarabar Makka, kafin in gama shan ruwa ya kwance bayansa. Matarsa ta ɓoye sabon keken ɗinkinta a ɗakin maƙwabciya wata biyu.

Abin da ya kai mu wurinsa shi ne shanun sata. Sun cika kasuwa har mutum ba ya sanin abin da yake saye. Dillali ya sayi saniya da safe, da yamma a zo da hukuma. Bafulatani ya kawo tasa ta gado, a taru a kansa a ce ɓarawo ne. Ni kaina na taɓa sayen biyu, mai su ya zo ya kira su da suna suka ɗaga kai a gaban jama'a. Sai ƙungiya ta yanke a yi rajista, a ɗauki hoton kowace dabba da shaidarta, yankan kunne ne ko lalas, tun tana hannun mai ita.

Ba a jima ba wasu samari suka zo daga wani kamfani da manhajarsu a waya. Ta burge ni. Ka ɗauki hoto, ka sa sunan mai shanu da ƙauyensa da adadin garkensa, nan take ta nuna maka a taswira inda yake. Na so a sa hannu a ranar. Shugabanmu ne ya ce a kira Kawu ya duba, tunda shi ke buga mana takardu.

Ya zo ya zauna ya saurara har suka gama. Sannan ya tambaye su ina hoton ke kwana. Suka ce a ma'ajiyarsu, ta intanet. Ya tambaya mutum nawa ne a kamfanin za su iya buɗe wannan taswira. Ba su sani ba. Ya ce in kamfanin ya rufe, a wace siffa za a ba mu kayanmu. Suka ce ba za su rufe ba. Ya ce to a nuna masa rubutun da aka gina manhajar da shi, ko shi bai iya karanta duka ba, akwai masu iyawa. Babbansu ya yi murmushi ya ce wannan sirrin kamfani ne.

Da suka fita Kawu ya ce mana abin da aka nuna mana jerin sunayen masu shanu ne da adadinsu da hanyar gidajensu, kuma a ƙasar nan ya san masu neman irin wannan jeri fiye da mu. Bai ce samarin mugaye ne ba. Cewa ya yi su ma ba su san wa ke zaune a bayansu ba. Ya nemi a ba shi lokaci ya binciko cikin manhajojin da ake barin cikinsu a buɗe, waɗanda kowa ke da izinin dubawa da gyarawa da kwafa.

Sati shida ya ɗauka. Sati biyun farko ko kwamfuta bai taɓa ba. Kara ya riƙa zuwa da takarda da biro, yana bin mutane yana tambayar me suke buƙata. Abin da ya rubuta bai cika shafi ba: ta yi aiki inda babu sabis, wanda bai yi boko ba ya iya amfani da ita, kada ta tilasta sa suna, a iya kwafe komai a filashi a buɗe a wata kwamfutar. Sai da ya gama wannan ya fara dubawa. Ya tara wajen guda bakwai, ya zubar da biyar.

A sati na biyar aka kama wani ɗan ƙungiyarmu da shanun da bai san na sata ba ne, ya kwana uku a tsare. Raina ya ɓaci. A taron da ya biyo baya na miƙe, a gaban mutum fiye da talatin, na ce da mun karɓi ta kamfani da wannan bai faru ba, kuma ba za mu zauna tsoho yana wasa da madannai ana kama mu ba. Ƙanen uwata na faɗa wa haka. 

"Ka gama, Alhajin kara?" ya ce.

Na ce na gama.

"To zauna. Gaggawar da kake yi gaskiya ta. Amma in munka yi kuskure a nan, ba kwana ukku za a yi a tsare ba."

Sati guda ban taka shagonsa ba. Shi ne ya zo gidana, da goro a aljihu, ya ce mahaifiyata ta hana shi barcin rana da waya, in taimake shi mu shirya.

Guda biyun da suka rage, ɗaya kamar don mu aka yi ta. Ta dabbobi ce, da hoton saniya a fuskarta, da gurbin ƙaho da na launi. Kowa ita ya so. Ɗayar mummuna ce, an yi ta ne don masu ajiyar kayan tarihi su jera tukwane da takubba. Kawu ya zaɓi mummunar. Ya nuna mana dalili a allo. Kyakkyawar mutum ɗaya ne ya gina ta, shi kaɗai ke gyara ta, kuma shekara biyu rabonsa da taɓa ta. Ga tambayoyin mutane nan a jere a dandalinta, babu amsa. Mummunar kuwa hannaye da yawa ke kanta daga ƙasashe daban-daban, ko a satin nan an yi mata gyara, kuma da ya aika tambaya don gwaji, kafin kwana biyu mutum uku sun amsa. Ya karanta lasisinta daga farko har ƙarshe, ya fassara mana. Daga ranar ya sami abin tsokanarmu. Duk abin da aka kawo masa, waya ce ko famfon sola, sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Wa ke kiwon ta?"

Na taɓa ƙoƙarin burge shi, na ce ashe zaɓen manhaja kamar zaɓen saniya ne. Ya ce a'a, saniya in ta ƙi ka sai ka yanka ka ci.

Wani ya ce ai dai ta kyauta ce. Kawu ya ce kada wanda ya kuskura ya zaɓe ta don haka. Abin da ba a biya da kuɗi ba za a biya shi da zama a koya, kuma ya san mu, zama ya fi mana tsada.

Gwajinsa na ƙarshe ban manta ba. Ya cire igiyar intanet ya jefa a aljihu, ya kira tsohon dillalin nan mai ido ɗaya, ya ce ya nemo masa jar saniya mai karyayyen ƙahon hagu. Tsoho ya kasa. Kawu bai ce laifin tsoho ne ba. Ya koma ya zauna kwana goma yana mayar da kowane rubutu na manhajar zuwa Hausa, ya ƙara girman haruffa, ya sa zane a gefen kowace kalma. A karo na biyu tsoho ya nemo ta, ya juyo yana dariya da ragowar haƙoransa. Fassarar nan Kawu bai riƙe ta ba, ya aika wa masu manhajar su haɗa don wani ya amfana. Wata mata daga ƙasar da bai iya faɗin sunanta daidai ba ta rubuto masa godiya, layi biyu. Ya buga takardar ya manna a bango kusa da kalanda. Tana nan har yau.

Saura batun suna. In ba a rubuta sunan mai shanu ba, ta yaya za a san nasa ne? Nan ya fito da abin da ya sa Arɗo ke kallon hannunsa ranar makoki. Kowace dabba hoto huɗu yake yi mata: shaidarta, gindin ƙaho, zanen hanci, da inda gashi ke juyawa a goshi, don ɓarawo na iya sake yankan kunne amma ba ya iya sake waɗannan. A hoton farko kuma mai dabbar zai ɗora hannunsa na dama kusa da shaidar. Babu fuska, babu suna, babu ƙauye. Ko jerin hotunan bai bari a san na garke ɗaya ba ne, gauraya su yake yi, don kada wani ya ƙirga ya san wane ne mai dukiya. Ya ce mai kai wa 'yan daji rahoto ba zai gane gari daga hannu ba, amma mai hannu yana tafe da shi duk inda ya je.

Mun yi masa dariya. Muka daina ranar wata kasuwar Moriki. Wani makiyayi ya kawo bijimi, wani ya ɗaga murya ya ce na sata ne, kafin a ce me an kewaye shi, wasu sun fara tsintar duwatsu. A lokacin nan abin da ya fi wannan ƙanƙanta ya isa a kashe Bafulatani. Kawu na wurin da ƙaramar kwamfutarsa. Ya kutsa cikin mutane, tsoho mai ciwon gwiwa, ya duba goshin bijimin, ya danna abin da zai danna, sannan ya kama hannun mutumin ya ɗaga shi kusa da allo. Ga tabon ƙuna a bayan hannu, ga shi a hoto, a jikin wannan bijimin tun bai kai haka ba. Ya bi sahun gaba ɗaya bayan ɗaya yana cewa duba da kyau. Mutane suka watse suna ƙunƙuni. Makiyayin ya tsuguna a gefen bijiminsa. Bayan sati ya aiko da ƙwaryar man shanu, Kawu ya raba wa maƙwabta.

Watannin da aka datse layukan waya a ƙasarmu, mai manhajar da ke buƙatar intanet ya zauna da ƙarfe a hannu. Tamu ba ta san an yi ba. Na je na ce masa ya yi gaskiya. Ya ce ba wannan ne ke damunsa ba.

Abin da ke damunsa shi ne kansa. Ya ƙi manhajar da mutum ɗaya ke kiwo, ga shi rajistarmu ta koma mutum ɗaya ke kiwon ta. Ba da son ransa ba. Ya koya wa sakatarenmu, mutanen daji suka ɗauke shi, da ya fito ya kwashe iyalinsa ya bar jihar. Ya koya wa wani direba mai kaifin kai, aka harbe shi a hanyar Zurmi. Tsohon dillali idonsa na biyu ya fara rufewa. 'Yar Kawu ta biyu ta iya komai, amma tana aure a Zariya. Kuma ba kowa zai ɗauko daga waje ya nuna wa ba, don mun kai lokacin da mutum ba ya sanin wanda ke zaune kusa da shi a masallaci. Sai ya juyo kaina.

Sati ɗaya ya roƙa. In zo in zauna daga hantsi zuwa azahar, kwana bakwai. Na ce bayan Sallah. Bayan Sallah na ce bayan kaka. Na je sau ɗaya, na zauna rabin awa, waya ta yi ƙara an kawo wasu bijimai masu arha, na tashi. Ya rubuta kalmar sirri ya sa a ambulan ya ba ni a gaban shugaba. Tun daga ranar mutanen kara suka ɗauka na iya. Ban ce na iya ba. Ban kuma ce ban iya ba. A sana'armu mutum ba ya nuna bai san abu ba, don ranar da aka gane haka ranar farashinsa ke faɗuwa.

Sati biyu kafin rasuwarsa na biya ta shagon a kan babur, ko sauka ban yi ba.

"Ɗan yaya, makulli na hannunka, amma ba ka san ɗakunan gidan ba," ya ce.

Na ce Kawu ai kana nan.

"Wancan mai kyakkyawar manhajar ma haka mutanenai sunka ce."

Na yi dariya na ja babur.

To ranar Alhamis ɗin na buɗe shago na rufo ƙofa. Na kunna kwamfuta, na kwafi kalmar sirri harafi bayan harafi, ta buɗe. Komai da Hausa, ga zane a gefe, kamar yadda ya yi wa tsoho. Amma tsoho an zauna da shi an nuna masa. Na danna launi, ta kawo mini farare ba iyaka. Na so in haɗa da ƙaho, ta goge na farko. Na danna wani wuri ta tambaye ni abin da ban gane ba, na tsorata kada in share wani abu, na koma baya. Na kira 'yar Kawu, tana cikin mota a hanyar zuwa, wayarta ba ta shiga.

A nan ne ya kamata in buɗe ƙofa in ce ban iya ba. Tabarmin makoki cike suke da mutanen da suka san kwamfuta, taku kaɗan daga inda nake. Ko tsohon dillali aka riƙo, da bakinsa zai faɗa mini inda zan danna. Amma sai na ce wa kaina ai na san shanun nan, ni na sha ganin su a rugar, idona ya isa. Na fara bin hotuna ɗaya bayan ɗaya.

Shanu nake nema, amma hannaye nake gani. Wannan na san shi, an kashe shi a gona. Wannan yana gudun hijira, an ce yana dako a tasha. Wannan mai lalle matar wani ce da ba a sake jin labarinta ba. Wannan na direban nan ne, ashe yana da karsana bai taɓa faɗa mana ba. Na riƙa tsayawa inda bai kamata in tsaya ba. Sarkin karar Shinkafi ya bugo sau biyu, na ce saura kaɗan. Aka kira azahar ban fita ba.

Sai da rana ta karkata na aika a kira mini wani malami cikin masu gaisuwa, mutumin da Kawu ya yarda da shi. Ya zo ya zauna, ya ce bai taɓa amfani da ita ba amma a ba shi ɗan lokaci, akwai bayaninta a ciki. Yana cikin karantawa ya fara gane kanta, yana tambayata siffar shanun ina faɗa, aka kira la'asar, waya ta sake ƙara. Sarkin kara ya ce ya riƙe mutum tun safe ba hujja, direba ya tayar da mota, shi ma yana da iyali kuma bai san waɗanda ke bayan mai kayan ba. Na ce ya ƙara mini rabin awa. Ya ce, "Alhaji, sun hau titi."

'Yar Kawu ta iso bayan la'asar. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ta ganina ba ta tsokane ni ba. Ranar ba ta yi ba. Ta shiga ta gaida mahaifiyarta, aka faɗa mata, ta fito shago da mayafinta ko ruwa ba ta sha ba. Ta sa aka kira Bafulatanar. Ta tambaye ta launi, da ƙaho, da yankan kunne na asali. Ta danna wuri uku. Ban kai ga zama ba hoton ya fito.

Farar saniya ce mai ɗigon baƙi a wuya. A kusa da kunnenta ga hannun namiji, ɗan yatsan tsakiya a karkace.

Matar ta matso har numfashinta na taɓa allon. Ta ce igiya ce ta karya masa shi, shekarar da aka yi aurensu. Ta faɗi sunan saniyar. 

Na fara cewa zan bi sawun motar, na san mutane a kudu. Ni da ita duka mun san inda motar shanu ke zuwa da abin da ake yi da su in sun isa. Ba ta dube ni ba. Ta juya ta tambayi taubashiyata.

"Ana iya fidda shi a takarda?"

Taubashiyata ta ce ana iyawa, har da sauran biyun.

"A'a, bar shanun. Hannun za ki ƙara mini girma."

Firintar Kawu ta ɗauki lokaci kafin ta ja takarda. Matar ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a gefen mayafinta yadda ba zai karye ba. Ta yi wa Kawu addu'a mai tsawo. Ta ce mijinta bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, wannan ne kaɗai, kuma ƙaramin ɗansu bai san shi ba. Ta yi mini sallama ni ma, da ladabi, ta ce Allah Ya ba mu haƙuri. Da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Taubashiyata ta yi kwana bakwai kafin ta koma. Kwana bakwai ɗin da mahaifinta ya roƙa, su na zauna a gabanta, daga hantsi zuwa azahar, waya a kashe. Yanzu na iya. Ba shi da wuya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta kwafe komai a filashi biyu, ɗaya ta tafi da shi. Na tsaya a taron ƙungiya na faɗi abin da ya faru ranar Alhamis ba tare da na rage komai ba, na ce ina neman mutum biyu su zo su zauna. Ɗaya ya ce bayan Sallah. Ɗayan yana shirin komawa Kano.

Manhajar da Kawu ya zaɓa tana nan lafiya. An ce ko a watan nan masu ita sun yi mata gyara. Ya duba ta ta kowace fuska, kuma ba ta ba shi kunya ba. Mu ne bai sami yadda zai zaɓa ba, haka ya same mu. Sabbin shanun da ake kawowa a ɗauka ba su kai waɗanda ake korawa ba, kuma duk watan duniya sai hannu ɗaya ko biyu a cikin kwamfutar nan ya zama ba shi da mai shi.

Allah Ka jiƙan bawanKa da ya tsaya tsakanin makiyayi da duwatsu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka ba matarsa da yayarsa da 'ya'yansa juriyar rashinsa. Ni kuma ban san da wace fuska zan roƙa wa kaina ba.

Jiya na wuce ta bakin tasha na ga matar a zaune da ƙwaryar madarar gari. Na rage gudu. Ta gaishe ni, na amsa, ban sauka ba. Tabaraun Kawu na aljihuna tun ranar da matarsa ta ce in ɗauke. Da su nake karanta allon, don idona ni ma ya fara.